Mugun gida: wa ake ƙi a tsofaffin finafinan Malay, kuma don me?

Duk wanda ya jera finafinan Malay na tsakanin 1950 zuwa 1965 ya kalle su ɗaya bayan ɗaya zai lura da wani abu da ke neman bayani. A farkon wannan zamani ƙasar Malaya, wadda yanzu ɓangare ce ta Maleshiya, tana hannun Birtaniya, ba ta sami 'yanci ba sai 31 ga Agusta 1957. Gonakin roba da ramukan kuza da manyan shaguna suna hannun Turawa da 'yan kasuwar Chaina. Amma a majigi da wuya ka ga bos ɗin fim Bature ne ko ɗan Chaina. Kusan kullum Bamalaye ne, Musulmi, ɗan gida: uban yarinya mai kuɗi, suruka, bafade, ɗan sarauta, ko saurayi ɗan gayu da ke ƙyashin talaka.

Dalilin farko yana cikin yadda aka gina sana'ar. Cibiyarta Singafo ce, ba Kuala Lumpur ba, kuma kamfanoni biyu ne suka riƙe ta. 'Yan'uwan nan Shaw sun buɗe Malay Film Productions a titin Jalan Ampas a 1947, suka fitar da finafinai sama da 150 kafin su rufe a 1967. Cathay-Keris ta Loke Wan Tho da Ho Ah Loke ta biyo baya a 1953, ita ma ta haura 100. Masu jarin duk 'yan asalin Chaina ne, kuma gidajen silimar da ake nuna finafinan nasu ne. Daraktocin farko daga Indiya aka ɗauko su, irin su B. S. Rajhans, wanda ya yi Laila Majnun tun farkon shekarun 1930, da L. Krishnan da B. N. Rao da Phani Majumdar, daga baya aka ƙara da 'yan Filifin. 'Yan wasa da masu sayen tikiti su ne Malayawa. A saman kowa kuma akwai hukumar tace finafinai ta gwamnatin mulkin mallaka, a daidai lokacin da dokar ta-ɓaci ta yaƙi da 'yan kwaminis ke aiki, daga 1948 zuwa 1960. Labarin da ya zagi Bature ba zai tsallake almakashin hukuma ba. Wanda ya zagi ɗan Chaina ba zai sami kuɗin ɗauka ba. Fili ɗaya ya rage wa marubuci, shi ne cikin gidansu, don haka duk zafin da al'umma ke ji sai aka ɗora shi a kan mugun gida.

Wannan takurawa ta rage wa finafinan wani abu, amma ita ce kuma ta ba su kaifi. Da an bar su su jingina kowane laifi ga baƙo, da sun zama finafinan kirari. Da aka rufe waccan ƙofa, sai suka koma suna tambayar abin da ya fi ciwo: mu kanmu, da wane mudu muke auna mutum?

Ƙirar mugun an gaje ta ne daga bangsawan, wasan daɓen da ya samo asali daga ƙungiyoyin wasan Farisawan Indiya da suka riƙa zuwa Penang a ƙarshen ƙarni na 19. A can kowane ɗan wasa yana da gurbinsa da ba ya sauyawa: saurayin jarumi, tauraruwa, sarki, waziri, mai barkwanci, da kuma ifritu, wanda aikinsa shi ne ƙaraji da zare ido da dariyar ƙeta. 'Yan wasan fim na farko daga nan suka fito, suka zo da salon. Da yake fim ɗin baƙi da fari ne, an dogara da alamomin da ido zai kama nan take. Ana haska fuskar mugu daga ƙasa ko daga gefe guda don inuwa ta cinye rabinta, a ba shi siririn gashin baki, a maƙala masa sigari, kiɗa ya yi nauyi da zarar ya shigo. Tafiyar labarin ma tana da tsani da aka saba hawa. Mugu ya yi ƙyashi, ya ƙulla sharri, mai iko ya yanke hukunci ba bincike, a kori mai gaskiya ya sha wuya, daga baya asiri ya tonu. Matakin da ya fi muhimmanci shi ne na uku. Makamin mugun Malay ba ƙarfin damtse ba ne, ƙazafi ne, kuma ƙazafi ba ya cin mutum sai an sami uba ko sarki mai saurin gaskatawa. Saboda haka a yawancin finafinan miyagun biyu ne: wanda ya kai tsegumi, da wanda ya saurara.

Penarek Becha na 1955, fim na farko da P. Ramlee, fitaccen ɗan wasa kuma mawaƙi Bamalaye, ya ba da umarni, ya nuna wannan rabon aiki sarai. Amran talaka ne mai tuƙa keken fasinja mai ƙafa uku, irin wanda ake murzawa da ƙafa, yana zaune da mahaifiyarsa a bukka. Azizah 'yar attajiri Marzuki ce. Tsakaninsu akwai Ghazali, wanda Salleh Kamil ya fito a matsayinsa: kayan Turawa, yawon gidan rawa, bakin zaƙi a gaban uban yarinya, ido kuma a kan dukiyarsa. Marzuki ba ɗan iska ba ne, marowaci ne da ya ɗauka tufafi su ne mutum, shi ya sa ya buɗe wa Ghazali ƙofa ya rufe wa Amran. Ba ya farga sai da sharrin Ghazali ya juyo kansa. Salleh Kamil ya ƙware a wannan gurbi har fuskarsa kaɗai ta zama sanarwa; da ya bayyana, 'yan kallo sun san inda aka dosa.

Daga nan ne mutane da yawa ke yanke hukuncin cewa saƙon finafinan shi ne ƙauye alheri, birni da boko sharri. Wannan karatu bai kai ba. Jarumin da kansa sau da yawa ɗan birni ne mai kwat da naktaye, yana kaɗa fiyano ko yana busa saksofon a gidan rawa, waƙoƙin da ke cikin finafinan kuma cike suke da kiɗan Latin Amurka da na Indiya da na Larabawa. Ramlee bai ƙi zamani ba, a cikinsa yake ci yake sha. Abin da ke raba jarumi da mugu shi ne abin da Malayawa ke kira budi, wato halin kirki da sanin ya-kamata da riƙon alherin da aka yi maka. Mugu shi ne wanda ya ajiye wannan ya ɗauki kuɗi ko muƙami ko jini a matsayin ma'auni, ko da kwat ya sa ko da kayan gargajiya.

Ibu Mertuaku na 1962 ne ya fi fito da wannan, kuma muguwarsa ita ce aka fi tunawa a duk tarihin silimar. Nyonya Mansoor, wadda Mak Dara ta fito a matsayinta, attajira ce mai takaba a Singafo, shigarta ta gargajiya ce, ba ta da alaƙa da gidan rawa. 'Yarta Sabariah ta ji busar Kassim Selamat a rediyo ta kamu da sonsa. Da aka ambata wa uwar sunansa, tambayar da ta yi ita ce ko shi lauya ne ko majistare, da ta ji makaɗi ne sai ta hau bori. Ita likitan ido take so, Dakta Ismadi. A lura da jerin sana'o'in da take girmamawa: duk na takardar Bature ne. Ga mace mai kama da al'ada a jiki, amma mudunta na mulkin mallaka ne.

Yadda ta rusa auren ya cancanci a bi shi daki-daki, domin babu duka, babu boka. Ta bari aka ɗaura, ta sallame su. Suka koma Penang, Kassim ya bar kiɗa ya koma aikin ƙarfi, talauci ya kama su. Da ciki ya tsufa sai uwar ta zo da fuskar tausayi ta ɗauke 'yarta zuwa Singafo don ta haihu a gida, abin da babu surukin da zai iya hanawa ba tare da an ce ba shi da kunya ba. Sannan ta aika masa da talgiram cewa Sabariah ta rasu. Ita kuma Sabariah aka bar ta tana ganin miji ya yi watsi da ita, har aka raba auren ta auri likitan. Kayan aikin Nyonya Mansoor ke nan: haƙƙin uwa, kunyar suruki, da takarda guda ta gidan waya. Kassim ya yi ta kuka har ya makance. Bayan shekaru Dakta Ismadi ya yi masa aiki ido ya buɗe, abin da ya fara gani kuwa shi ne matar da ya yi wa makoki tana raye a gidan wani. Ya ɗauki cokula masu yatsu ya tsokale idanunsa da hannunsa.

Wannan ƙarshe yana da wuyar haɗiya, kuma akwai abin zargi a cikinsa. Lokacin da saƙon ya zo, Kassim bai je ya ga kabari ba, bai nemi ɗansa ba, ya karɓi talgiram kamar wahayi. Fim ɗin bai wanke shi ba, kuma daidai ne da bai wanke shi ba. Sharrin surukar ya yi tasiri ne saboda ya sami mutumin da talauci ya riga ya karya wa zuciya har yana ganin bai isa ya taka ƙofar gidan masu kuɗi ya yi tambaya ba. Hukuncin da ya yanke a ƙarshe ma a kan jikinsa ya sauke shi, ba a kan wadda ta cuce shi ba. Jaruman wannan zamani da yawa haka suke: suna da gaskiya, ba su da kataɓus.

Shekara biyu kafin wannan, a Antara Dua Darjat na 1960, Ramlee ya taɓa inda ya fi haɗari, wato masu jinin sarauta da ke ɗauke da laƙabin Tengku. Nan ma makaɗi ne ya so 'yar gidan, aka lakaɗa masa duka, aka ɗauke ta, aka sa ya ɗauka ta mutu, aka aurar da ita ga wani Tengku. Dabarar da fim ɗin ya yi don ya tsira ita ce ya sa wani ɗan sarautar, Tengku Aziz, ya zama shi ne mai faɗa wa 'yan'uwansa gaskiya cewa daraja ba a jini take ba. Da talaka ne ya furta wannan, da an kira shi marar tarbiyya.

Batun sarauta shi ya kai mu ga rikicin da ya fi kowanne zurfi, na Hang Tuah da Hang Jebat. Labarin na daular Melaka ne, wadda Fotugal ta ci a 1511, kuma kowane yaron Malay ya san shi. Tuah shi ne babban barden sarki. Fadawa masu hassada suka yi masa ƙazafin neman wata kuyangar fada, sarki ya ce a kashe shi ba tare da bincike ba. Waziri, wanda suke kira Bendahara, ya ɓoye shi ya ce an zartar. Aka miƙa wa amininsa Jebat wuƙarsa mai asiri, keris ɗin da ake kira Taming Sari. Jebat ya yi tawaye don ɗaukar fansar abokinsa, ya kori sarki daga fada, aka rasa mai iya tunkararsa. Sai waziri ya fito da Tuah, sarki ya yafe masa, ya umarce shi ya kashe Jebat. Tuah ya je ya kashe mutumin da ya tayar da ƙasa saboda shi.

Ɗaruruwan shekaru hukuncin a bayyane yake. Tuah shi ne abin koyi, Jebat kuwa ya aikata derhaka, saɓa wa sarki, laifin da a tsohon tunanin Malay ba shi da uzuri ko da sarkin azzalumi ne. Fim ɗin Hang Tuah na 1956, wanda Phani Majumdar ya yi wa Shaw da launi, Ramlee a matsayin Tuah, Ahmad Mahmud a matsayin Jebat, ya bi wannan layi, amma ya ƙare da Tuah yana tambayar kansa ko shi ne mai gaskiya ko Jebat. Shekara biyar kacal bayan haka, a 1961, Cathay-Keris ta fitar da Hang Jebat na Hussain Haniff, kuma sunan fim ɗin kaɗai ya isa shaida. Nordin Ahmad ya fito da Jebat a matsayin mai magana da yawun waɗanda aka zalunta, M. Amin kuma ya fito da Tuah a matsayin mutumin da biyayya ta rufe wa ido. Maganar da ake jingina wa Jebat, cewa sarki adali a bi shi, sarki azzalumi a ja da shi, ta zama taken matasa.

Me ya faru tsakanin nan da can? Tushen yana ƙarshen 1945, lokacin da sarakunan Malay suka sa hannu a yarjejeniyar da Birtaniya ta kawo ta kafa Malayan Union, tsarin da zai rage ikonsu ya kuma sauya matsayin Malayawa a ƙasarsu. Talakawa ne suka fito zanga-zanga, aka kafa jam'iyyar UMNO a 1946, aka tilasta janye tsarin. Jama'a sun gani da idonsu cewa sarki na iya kuskure, talaka ya gyara. A 1950 marubuta suka kafa ƙungiyar ASAS 50 a Singafo da manufar adabi don al'umma, kuma 'yan fim suna cuɗanya da su. A ƙarshen shekarun 1950 Kassim Ahmad ya rubuta nazarinsa na jami'a a kan Hikayat Hang Tuah, tsohon littafin da ke ɗauke da labarin, inda ya ɗaga Jebat sama da Tuah. Mai karatu a Kano ko Sakkwato zai gane nauyin wannan muhawara, domin Birtaniya ta mulki jihohin Malay ne ta hannun sarakuna da Razdan a gefe, kamar yadda ta yi a Arewa, kuma a wuraren biyu tambayar iyakar biyayya ga sarauta ta taso ne dab da samun 'yanci.

Abin da ya sa fim ɗin Hussain Haniff ya fi ƙarfin farfaganda shi ne bai ɓoye ɓarnar Jebat ba. Jebat ya shiga fada ya more ta, kuma bayan an soke shi ya fita gari yana sarar duk wanda ya tarar, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wanda ya tashi don talaka ya ƙare da jinin talaka a hannunsa. Mai kallo ba ya fita da jarumi mai tsabta. Yana fita ne da sanin cewa fadawan da suka ƙulla sharrin da sarkin da ya yanke hukunci cikin fushi su ne suka jawo komai, kuma sarkin yana nan a kan gadonsa.

Addini yana shigowa ta wata ƙofa dabam. A Semerah Padi na 1956 an kafa labarin a wani gari da ke hukunci da shari'a, kuma ba mugu kaɗai hukuncin ya hau ba. Jarumin da kansa, Aduka, ya afka wa zina da budurwar da aka yi wa amininsa baiko, ya amsa laifinsa, aka yi musu bulala ɗari-ɗari. Bambancinsa da mazinatan farkon fim ɗin, waɗanda suka haɗa da kisan kai aka kashe su, shi ne tuba da miƙa wuya. Finafinan tsoro ma a kan wannan gwadabe suke. A Sumpah Orang Minyak na 1958, dodon mai jiki shafe da baƙin mai ya fara ne a matsayin mai ƙusumbi da 'yan gari ke yi wa ba'a da jifa, ya karya alkawarin da ya ɗauka, sannan Iblis ya saye shi da sharaɗin ya bauta masa ya kuma keta haddin budurwai 21 cikin mako guda. Garin da ke farautarsa a ƙarshe shi ne ya ƙera shi tun farko. Pontianak na 1957, wanda B. N. Rao ya yi da Maria Menado, ya yi kasuwar da ta ja har 'yan kallon da ba Malayawa ba, sai dai fim ɗin ya ɓata, ba a da kwafinsa yau.

Baƙon da aka yarda a nuna a matsayin abokin gaba shi ne sojan Japan, saboda mamayar 1942 zuwa 1945 ta shafi kowa kuma Birtaniya ba ta da dalilin hanawa. Duk da haka a Sergeant Hassan na 1958 ba Japanawan ne ke ƙona ran mai kallo ba. Buang ne, ɗan garin da ya zama ɗan leƙen asirinsu, kuma Salleh Kamil ne dai.

Inda finafinan suka fi rauni wuri biyu ne. Na farko tubar gaggawa: uban da ya shafe awa biyu yana zalunci sai ya zubar da hawaye a minti biyar na ƙarshe a yafe masa, saboda al'ada ba ta yarda a wulaƙanta babba a bainar jama'a ba, kamfani kuma yana son mutane su fita da sanyin zuciya. Sakamakon shi ne ɗan koren ne ke shan duka ko ɗauri, mai ikon da ya ba shi dama ya tsira da mutuncinsa. Na biyu rabon mata. Mace mai iko a gida, suruka ko kishiyar uwa, da mace mai fita aiki a gidan rawa, su aka fi jingina wa sharri, ta kirki kuwa ita ce mai haƙuri da kuka. Mak Dara ta yi wasan da ba a mantawa, amma gurbin da aka ba ta ya koya wa 'yan kallo tsoron macen da ke riƙe da dukiyarta da kanta.

A barkwanci ne aka fi samun sakewa. A Labu dan Labi na 1962 marowacin maigidan Alhaji ne, sunansa ma Haji Bakhil, abin da fim mai nauyi ba zai yi gangancin yi ba. A Tiga Abdul na 1964 an kai labarin wata ƙasar ƙirƙira mai suna Isketambola, inda attajiri Sadiq Segaraga da lauyansa suka tsara yarjejeniyar aure: duk surukin da ya yi fushi, dukiyarsa ta zama tasu, shi kuma a sayar da shi bawa. Sannan suka shiga hana angwaye abinci da matansu har sai sun fusata. Mugunta a nan ta bar wuƙa ta koma takarda da sa hannu, kuma ƙaramin 'yan'uwa ukun da suka auri 'ya'yan attajirin ya ci su ne da irin dabararsu.

A wannan shekara ta 1964 Ramlee ya bar Jalan Ampas ya koma sutudiyon Merdeka da ke Ulu Klang kusa da Kuala Lumpur. Kasuwar ta riga ta fara zubewa: talabijin ya shigo a 1963, rikicin siyasa da Indunusiya ya toshe babbar kasuwar maƙwabta, Singafo ta fita daga Maleshiya a 1965, finafinan Indiya da na Hong Kong masu launi suna kwashe 'yan kallo. A can ne, da kayan aiki marasa inganci, ya fara taɓa abin da aka daɗe ana kewayewa. Sesudah Subuh na 1967 ya ɗauko soyayya tsakanin Malayawa da 'yan Chaina, Gerimis na 1968 kuma auren Bamalaye da 'yar Indiya, inda cikas ɗin ya fito daga dangi. Sun zo a makare, lokacin da masu zuwa silima suka ragu. A watan Mayun 1969 rikicin ƙabilanci ya ɓarke a Kuala Lumpur, daga nan kuma maganar ƙabila da matsayin sarakuna ta shiga jerin abubuwan da doka ta hana a tattauna a fili. Ramlee ya rasu a 1973 yana da shekara 44, Cathay-Keris ma ta daina fim a farkon shekarun 1970.